Hunturu ya cinye min fata, haɗin da na yi kuma ya yi fumfuna

Maijego daga Gwammaja:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan gida. Don Allah shawara nake nema. Wata huɗu ke nan da haihuwata, ga hunturu ya shigo da ƙarfinsa. Jikina ya yi fari fat kamar an barbaɗa min toka, dunduniya ta yi faso har tana kama zanin gado, leɓe ya tsage. Gashi kuwa ba a magana, duk tajewa sai na cika tafin hannu, gaban goshi ya fara ja da baya. Mayukan kanti sun fi ƙarfin aljihuna yanzu, shi ya sa na gwada haɗi biyu. Na farko, na narka man kaɗanya a tukunya a kan wuta, na zuba ruwan kokwamba da zuma na juya, na juye a roba. Tun ranar ya fito da tsaki-tsaki, kwana shida kuma ya fara wari, samansa ya yi ɗigo-ɗigon baƙi. Na biyu, wata ta ce in haɗa lemon tsami da bekin soda in riƙa goge fuska kullum da safe don ta yi haske. Kwana huɗu na yi, yanzu kumatuna raɗaɗi suke, sun ma fi da duhu. Abin da nake da shi a gida: man kaɗanya, man gyaɗa, man kwakwa, zuma, sukari, kurkur, hulba, kanumfari, kuɓewa, busasshen karkashi, da kindirmo da ake kawo mana kullum. Me zan yi da su, kuma nawa-nawa? Allah ya saka da alheri.

Malamar kimiyya, Kabuga:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya. Kafin komai, ajiye lemon nan da sodar nan yau. Ƙonewa fuskarki ta yi. Akwai ma'aunin tsami da ake kira pH: fatar mutum tana zaune wajen 5, ruwan lemon tsami wajen 2 yake, bekin soda kuma 8 zuwa 9. Ko wanne kika ɗauka shi kaɗai ya yi wa fata nisa. In aka haɗa su, kumfar da kike gani kashe juna suke yi, abin da ya rage gishiri-gishiri ne da garin sodar da bai narke ba, shi kike dirza wa kumatunki kamar yashi.

Na biyu ya fi muni. Lemon tsami yana da wani sinadari da in ya zauna a fata rana ta doke shi, sai wurin ya ƙone, daga baya ya bar baƙin tabo. Ke kuma da safe kike shafawa, sannan ki fita shanya ko kasuwa. Mu masu duhun fata duk inda ya ji ciwo duhu yake ƙarawa, shi ya sa mai neman haske da lemo take ƙarewa da kumatu biyu kamar an shafa gawayi.

Sati biyu kada ki sa wa fuskar komai sai ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan man kaɗanya zalla, kamar ƙwayar wake, ki murza a tafi ya narke ki dafa a hankali. Ba soso, ba sabulun salo, ba kurkur, ba turara fuska a ruwan zafi. Ki guji ranar tsaka, daga ƙarfe 11 zuwa 4, in fitar ta zama dole ki riƙe lema. Raɗaɗin zai tafi cikin kwanaki, duhun kuwa sai kin yi haƙuri, yana iya ɗaukar watanni kafin ya washe.

'Yar Hotoro:

Amma Malama ai in da daddare aka shafa lemon ba komai ko? Tunda ba rana. Kuma ana ta cewa man goge baki ko tafarnuwa na busar da ƙuraje.

Malamar kimiyya, Kabuga:

Dare ya rage matsala ɗaya, bai rage tsamin ba, kuma fatar da ta riga ta saɓule ko ruwan tumatir aka sa mata sai ta yi zafi. Tafarnuwa ɗanya tana tayar da bororo kamar ƙunar wuta in ta kwana a fata. Man goge baki zai busar da ƙurjin, ya bar miki baƙin tabo a gurbinsa. Ki ƙara kirfa a cikin waɗanda za ki bar wa kicin.

Anti mai gyaran jiki, Gyaɗi-Gyaɗi:

Maijego barka da arziki. Bari in ɗauki maganar man kaɗanyar, don kuskure biyu kika yi, kowanne da alamarsa.

Fumfuna da wari, ruwan kokwamba ne ya jawo su. Mai zalla ba ya fumfuna, domin ƙwayar cuta ba ta hayayyafa inda babu ruwa. Ranar da kika zuba ruwan kokwamba da zuma, kin haɗa mata abinci da abin sha kin rufe a roba. Mayukan kanti ma da ruwa a ciki, amma suna sa maganin hana lalacewa da abin da ke riƙe ruwa da mai su zauna tare, mu ba mu da su a kicin. Don haka raba kayanki gida biyu. Duk abin da ruwa ya shiga, ko kokwamba, ko kindirmo, ko ƙwai, ko ɗanyen ganye, na ranar ne, a haɗa a shafa a zubar da saura. Abin da za a ajiye, mai ne da busassun kaya kaɗai.

Tsaki-tsakin kuwa daga wuta ne da yadda ya huce. Man kaɗanya kitse ne kala-kala a haɗe, wani na saurin daskarewa wani na jinkiri. In kika narka kika bar shi ya huce a hankali, mai saurin ya rigaya ya dunƙule ƙanana-ƙanana. Ba lalacewa ba ce, amma ba daɗin shafa.

Ga yadda ake yi. Ki cika gwangwanin madara ɗaya da man kaɗanya, ki danna ya cika sosai. Ki yanyanka shi a kwanon silba busasshe. Ki ɗora ruwa a tukunya, in ya tafasa ki rage wuta, ki ɗora kwanon a kan bakin tukunyar, turiri ne zai narka shi, kada gindin kwanon ya hau wuta. In ya narke duka ya zama garau, ba sauran gudaji, ki bar shi minti biyar a haka sannan ki sauke, ki goge gindin kwanon da tsumma kada ɗigon ruwa ya faɗa ciki. Ki zuba man kwakwa cokalin cin abinci huɗu ki juya. Daga nan sai sanyaya da sauri: firji in da wuta, in babu ki sayi ƙanƙara ki zuba a roba ki zaunar da kwanon a kai. Ki sa ido. In gefe-gefe ya fara fari, tsakiya ya yi kauri kamar kunun gyaɗa da ya huce, lokacin bugu ya yi. Ki sa maburgi mai tsabta ko cokali mai yatsu ki buga minti goma zuwa sha biyar, zai tashi ya yi fari ya yi laushi. In kika fara bugu yana ruwa, hannunki kawai za ki gajiyar. In kika bari ya daskare tauri, sai kin sake narkawa.

Ki zuba a kwalba mai murfi wadda kika wanke ta bushe ƙayau a rana. Kada ki riƙa cusa jiƙaƙƙen yatsa, ki ajiye ƙaramin cokali a gefe. A haka zai yi miki wata shida lafiya. Sai dai kada ki haɗa da yawa, don in zafin Afrilu ya zo narkewa zai yi a kwalbar ya koma ya yi tsakin nan.

Man gyaɗa ki bar shi a miya. Yana aiki, amma za ki yini kina ƙanshin ƙuli-ƙuli, kuma yana saurin canza wari a jikin kaya. In kina son sauyin man kwakwa, man riɗi ko man zaitun sun fi.

Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne lokacin shafawa. Mai ba ya ba fata ruwa, rufe ruwan da ke ciki yake yi kada iskar hunturu ta kwashe. In kika goge jiki tas, kika zauna shayar da yaro rabin awa, sannan kika shafa, kin rufe tulu bayan ya tsiyaye. Shi ya sa za ki ga mace tana ƙyalli amma in ta ja farce a ƙwauri sai layi fari ya fito. Ki shiga banɗaki da kwalbarki. Kina gama wanka ki ɗan dafa tawul, jiki da sauran danshi, ki shafa nan take, cikin minti uku. Ruwan wankan kuma ɗumi, ba mai salɓe fata ba. An gama wankan jego ai, a sassauta wa itace.

Wajen sayen man kaɗanya, a kasuwar Kurmi ko Rimi, ki ɗan gutsura ki murza a bayan hannu. Mai kyau zai narke da ɗumin jikinki ya shige, ƙanshinsa kamar na hayaƙi-hayaƙi. In ya buga miki hanci da wari irin na tsohon mai, ko kika ga ruwa na tsatsafowa in kin matsa, wuce gaba.

Hajiya Babba, Yakasai:

'Yar nan, karkashin da kika lissafa a ƙarshe shi ne na farko a wurin gashi. Tun kafin a san shamfu da shi ake wanke kai a garin nan, shi da garin magarya.

Ki ɗebi busasshen karkashi cikin tafin hannu ɗaya, ki zuba a kwano, ki zuba ruwan zafi kofi biyu, wanda ya tafasa aka sauke ya ɗan sha iska. Ki rufe minti ashirin. Ki sa hannu ki murje, za ki ga yauƙi na bin yatsunki kamar igiya. To ki tace, kuma ba da rariyar gari ba, da ƙyallen tatar koko. Wadda ta yi ƙyuyar tata za ta kwana tana tsince ganye a kai, in gashin mai cika ne har kwana uku yana zubowa a kafaɗa. Ki raba gashin gida huɗu, ki jiƙa, ki zuba yauƙin a kowane ɓangare, ki murza fatar kai da tsokar yatsa ba farce ba. Ki bar shi minti goma, sannan ki warware da yatsu tun daga baki kina hawa zuwa tushe. Mataji sai a ƙarshe, kuma mai manyan haƙora. Ki ɗauraye da ruwan ɗumi. Ba zai yi kumfa ba, kada ki ce bai wanke ba.

Kada ki sa kanwa. Na san a miya ana jefa ta don yauƙi ya tashi, wasu sai su ɗauko dabarar su kai kan gashi. Kanwa tana buɗe jikin gashi ta bar shi a buɗe, ya yi kaushi, ya yi ja-ja kamar gashin masara, ya riƙa karyewa.

In karkashi ya ƙare, kuɓewa ɗanya guda shida, a yanka, ruwa kofi biyu, a dafa minti goma a wuta kaɗan, a tace tun da ɗumi don in ta huce ba ta bin ƙyalle. Ita ba ta wanke datti sosai, santsi take bayarwa wajen tajewa. Duka biyun na yini ɗaya ne, gobe sun yi tsami.

Man shanu kuma in za ki sa, ɗanye ake nema, ba soyayyen da aka jefa wa albasa ba. Ki shafa awa biyu kafin wankin kai ki wanke shi tas. Masu barinsa sati a kai su ne ake jin ƙarninsu tun daga sahu na biyu.

Mai kitso 'yar Fagge:

Hajiya kun gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni gaban goshin nan zan taɓa. Maijego, zubewar gashin bayan haihuwa daban, cinyewar gaban goshi daban, amma in suka haɗu goshi kan tafi da sauri. Yanzu tushen gashinki a sake yake, ba ya ɗaukar ja.

Wata uku masu zuwa ki haƙura da ƙananan kitso, ki haƙura da ƙarin gashi da ulu, rilaksa kuwa ko kusa. Ki yi manyan kalaba shida zuwa takwas, ko shuku mai sassauci, ki ce wa mai kitson ta bar ƙananan gashin gaba kada ta kama su. Ga yadda za ki gane kitso ya yi tsauri: in kin ɗaga gira kika ji yana ja, in kin yi sujada goshi ya yi zafi, ko washegari kika ga ƙananan ƙuraje farare a bakin layi. In kin ga haka tsefe shi, kada ki ji asarar kuɗin. Maganar “kwana biyu zai saki” ita ta cinye goshin mata da yawa, don in tushen ya mutu ya yi sulɓi, babu man da zai dawo da shi.

Kitso kada ya wuce sati biyu, iyaka uku. Ranar tsifa kada ki tsefe a bushe, ki fesa ruwa ki shafa man kwakwa tukuna. Kuma gashin da za ki gani ya taru ranar, na kwana goma sha huɗu ne da kitso ya riƙe, kada gabanki ya faɗi.

Sai ɗankwali da hular cikin hijabi. In kullum a layi ɗaya kike ɗaurewa tamau, nan ne zai fara cinyewa. Ki riƙa sauya wurin, ki nemi hula mai santsi ta kwana, don atamfa da matashin auduga shanye man kai suke yi. Kada kuma ki rufe jiƙaƙƙen kai da hijabi, wari da ƙaiƙayi daga nan suke farawa. Ki wanke da hantsi ya bushe kafin azahar.

Man kitso da za ki iya ajiyewa: man kwakwa gwangwanin madara ɗaya, hulba busasshiya cokalin cin abinci ɗaya, kanumfari cokalin shayi ɗaya, ki ɗan daddaka su ba lukwi ba. Ki zuba a kwalba, ki zaunar da kwalbar a ruwan zafi minti arba'in, ki bar ta ta kwana biyu, ki tace. Kada ki soya su a mai a kan wuta, ƙauri zai yi. Kada ki ƙara kanumfari ya wuce haka, yana da zafi a fatar kai. Ɗanyar citta, albasa ko tafarnuwa ba sa shiga, ruwa gare su, labarin fumfunar nan zai dawo. Wajen shafawa, dokar da Anti ta faɗa ce: fesa ruwa tukuna, sannan mai, kuma a jikin gashi da bakinsa, ba a malala a fatar kai ba.

'Yar Hotoro:

To ruwan kanumfari da hulba da ake jiƙawa a zuba a kwalbar feshi fa? An ce wata guda gashi zai sauko kafaɗa.

Mai kitso 'yar Fagge:

Yana laushi, yana rage karyewa, iyakarsa ke nan. Hulba cokali biyu a ruwa kofi ɗaya, ta kwana, a tace. A firji kwana biyar, in wutar unguwarku irin tamu ce ki haɗa na kwana biyu kawai. Da kin ga ya yi gauraye-gauraye ko ya sauya wari, zubar. Ki sani kuma warin hulba na kama hijabi. Zancen kafaɗa a wata guda, bari Sista ta amsa.

Sista nas, Tarauni:

Gashin mutum wajen santimita 1 yake ƙaruwa a wata, ko me aka shafa. Abin da haɗe-haɗen nan ke yi shi ne hana bakin karyewa, sai tsawon da aka samu ya zauna.

Maijego, zubewar da kike gani ta haihuwa ce, kuma daidai lokacinta ne. Kowa yana zubar da silin gashi 50 zuwa 100 a rana. Lokacin ciki sinadaran jiki suna riƙe gashin da ya kamata ya zube, shi ya sa mai ciki kanta ke cika. Bayan haihuwa sai duk wanda aka riƙe ya sauka kusan lokaci guda, yawanci daga wata na uku zuwa na biyar. Da kansa yake tsayawa, kafin yaro ya shekara yawancin mata kansu ya dawo. Shayarwa ba ita ke jawo shi ba, kada wani ya sa ki yaye yaro. Amma in da jiri, kasala, bugun zuciya, ko cikin idonki ya yi fari, je a auna jininki, don ƙarancin jini na tsawaita zubewar. Hanta, wake, zogale, ƙwai da kifi su fi yawa a kwanonki. In kuma wuri guda ne ya cinye ya yi da'ira kamar kwabo, ko yana ɓarewa da ƙaiƙayi, wannan ba na jego ba ne, a kai wa likita ya duba ko makero ne.

A kula da amosanin kai. Bushewar hunturu garinta ƙanana ne farare, mai kaɗan na gyara ta. Amosani na gaske ɓawonsa manya ne, da maiƙo da ƙaiƙayi, wani nau'in fumfuna ne da ke cin mai, don haka in kika ƙara masa man zaitun kin ƙara masa tuwo. Shi shamfu mai ketoconazole ake nema a kemis, a bar kumfar minti biyar a kai kafin a ɗauraye, sau biyu a sati.

Faso: da daddare bayan Isha'i ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti goma zuwa sha biyar, ba omo, ba kanwa. Ki goge da dutsen kaushi a hankali, gefe ɗaya kike bi, ki tsaya tun kafin wurin ya yi ja. Ki tsane, ki cusa man kaɗanyar nan cikin tsagun, ki bi da baselin a sama, ki sa safa ki kwanta. Dutse sau biyu a sati ya isa, mai da safa kullum. Cikin sati biyu za ki ga bambanci. Da rana takalmi mai rufe dunduniya, don silifas da ƙurar Kano su ke mayar da aiki baya. Bayan kowace alwala ki tsane ƙafa da hannu ki ɗan shafa mai, ruwan da ya bushe da kansa a iskar nan tafiya yake da danshin fata. Reza ba ta zuwa kusa da dunduniya. Mai ciwon suga kuma, ko wadda fasonta ke jini ko ruwa, kada ta jiƙa kada ta goge, asibiti za ta.

Abu biyu saboda jaririn. Duk abin da kika shafa a ƙirji da hannu, a fuskarsa da bakinsa zai ƙare, don haka man kanumfari da zuma su tsaya nesa da nono, zuma ba ta shiga bakin yaron da bai shekara ba. Kuma kada a shafa wa jariri man gyaɗa, musamman mai ƙuraje ko borin fata.

In kumatun suka yi bororo, ko suna ruwa, ko sati ya wuce raɗaɗi bai ragu ba, ki ga likitan fata. Kuma don Allah kada duhun ya tura ki sayen haɗin da ake sayarwa a roba ba suna ba lambar NAFDAC, ana ce miki na gargajiya ne zalla. Duk man da ya sauya launin mutum a sati ɗaya ba kurkur ba ne ya yi aikin, akwai abin da aka zuba ba a faɗa ba, kuma ƙarshensa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito kore, gwiwa da gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin.

Anti mai gyaran jiki, Gyaɗi-Gyaɗi:

Na dawo saboda kurkur da kindirmo, kada ta ga an hana ta komai. Bayan sati biyun da Malama ta ce, in ba sauran raɗaɗi: kindirmo cokalin cin abinci ɗaya, zuma cokalin shayi ɗaya, kurkur ɗan abin da yatsu biyu za su tsinko. Ki fara gwadawa a cikin hannu kusa da gwiwar hannu, ki jira kwana ɗaya, in ba ja ba ƙaiƙayi sai fuska. Minti goma, ki wanke tun bai bushe ya ɗaure ba, sau biyu a sati. Tsamin kindirmo mai sauƙi ne, yana saki mataccen saman fata ba tare da ƙuna ba. In kurkur ya yi yawa za ki fito ruwan ɗorawa, farce da tawul ma su samu rabonsu. In hakan ta faru, auduga da ɗan mai ke ɗauke shi, ba dirza da sabulu ba.

Na jiki: sukari cokali biyu, mai cokali ɗaya, a jiƙaƙƙen jiki, sau ɗaya a sati, gwiwa da ƙwauri da gwiwar hannu. Ba ya hawa fuska. Ki kula da santsin ƙasan banɗaki bayan kin gama. Leɓe kuma daina lasa, yawu ƙara busar da shi yake. Ɗigon zuma minti biyar, ki goge, ki bi da man kaɗanya, musamman kafin barci.

Sabulun salo a hunturu a yi hankali da shi, yana da kaifi. Kada ki goga curin a jiki, ki yi kumfa a hannu ki shafa kumfar, sau ɗaya a rana ya isa. In bayan wanka kika ji fata ta ɗaure tana ƙara in kin ja yatsa, ya kwashe mai fiye da kima, ki rage.

Maijego daga Gwammaja:

Allah ya saka muku da alheri, Hajiya, Anti, Malama, Sista, duk na rubuta. Tambaya biyu ta rage. Wancan da ya yi fumfuna, in na kwashe saman na sake narka na ƙasan, zai yi? Man da yawa ne wallahi. Sannan man kwakwana ya daskare ya yi fari a kwalba tun shigowar sanyi, ko shi ma ya lalace ne?

Malamar kimiyya, Kabuga:

Zubar da shi duka. Ɗigon da kike gani a sama kan abin ne, saiwarsa ta ratsa har ƙasa, kuma ruwan kokwambar yana nan a ciki, ko kin narka zai sake. Ga fuska mai ciwo, ga jariri a hannu. Robar ma in za ki sake amfani da ita, wanke da ruwan zafi da sabulu, ki kife ta a rana yini guda.

Man kwakwa lafiyarsa ƙalau. In sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24 daskarewa yake. Ki tsoma kwalbar a ruwan ɗumi minti biyar, murfin a rufe.